Yadda ake shirya tafiyar damina zuwa ƙananan garuruwan tsaunukan Maharashtra a Indiya

Duk ɗan Arewa da ya zauna a Pune ko Mumbai, manyan biranen jihar Maharashtra, ya san yadda watan Mayu yake gasa mutum. Da Yuni ya kama sai hadari ya taso daga teku, cikin mako biyu duwatsun da suka yi baƙi ƙirin saboda rani su koma kore shar, ruwa ya riƙa tsiyayowa ta kowane gefe. Duwatsun nan su ne mutanen wurin ke kira Sahyadri, jerin tsaunukan da ya bi gaɓar yammacin Indiya, waɗanda UNESCO ta sa wasu sassansu cikin kayan gadon duniya a 2012. A kansu da gindinsu akwai ƙananan garuruwa masu tsofaffin wuraren bauta na dutse da magangarun ruwa, kuma damina ce lokacin ganinsu.

Damina shida na yi ina hawan su. Da fari ina bin abokan karatu, daga baya na koma ni nake jagorantar sababbin ɗalibai da 'yan uwanmu da suka kawo marasa lafiya asibiti, aka sallame su, suna son ganin wani abu ban da bangon asibiti kafin su koma gida. Abin da na koya shi ne, a can ruwa ne ke tsara tafiya. Kano tana samun ruwan da bai cika wuce milimita 1,000 a shekara ba, Mahabaleshwar kuwa, ɗaya daga cikin garuruwan nan, tana haura 5,000, kuma kusan duka cikin wata huɗu yake sauka. Wanda ya auna daminar can da ta gida zai sha wuya.

Kayan da za ka tanada

Takardu ne farko: fasfo, biza, da takardar rajistar baƙi idan kai ɗalibi ne. Ka yi musu kwafi uku-uku, ka ɗauki hotonsu a waya, ka sa na asalin cikin leda mai zif. Idan daga gida za ka taso, kada ka bar katin rigakafin shawara, domin ana tambayar 'yan Najeriya shi a filin jirgi, wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana shida.

Sai takalmi, kuma a nan ne sababbi suka fi yin kuskure. Silifa da takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba su da wuri a tafiyar nan. Duwatsun baƙaƙe ne, gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu ya fi na sabulu. Nemi kambas mai kaushin ƙasa ko takalmin roba mai igiya a dunduniya. Idan sabo ne, ka yi kwana uku kana yawo da shi a gari kada ya ci maka ƙafa a kan dutse.

Sauran kayan:

- Rigar ruwa doguwa mai hula, wadda za ta rufe har jakar bayanka. Lema tana da amfani cikin gari, a bakin dutse kuwa iska ce ke juye ta.
- Tufafi marasa nauyi masu saurin bushewa, kala uku. Ka bar shadda da wandon jins a gida. Jins idan ya jiƙe a can yakan kwana uku bai bushe ba.
- Rigar sanyi ɗaya. A saman dutse, jiƙaƙƙen jiki da iska sukan sa haƙora haɗuwa.
- Safa dogaye da ƙullin gishiri saboda matsattsaku.
- Tocila, da batirin cajin waya, domin ɗauke wuta ruwan dare ne a ƙauyuka.
- Farasitamol, gishirin zawo, filasta, man korar sauro, da maganin amai ga mai jiri a mota.
- Tsabar rupi, ƙananan takardu na 10, 20, 50 da 100.
- Darduma ta leda mai naɗewa.

Idan babu jaka mai hana ruwa, babbar baƙar ledar shara tana wadatarwa: ka shimfiɗa ta cikin jakar, ka zuba kaya a ciki, ka murɗe bakin. Da haka na yi yawancin tafiye-tafiyena. Ga mata, abaya ko hijabin da ke jan ƙasa yana kwasar laka yana kuma harɗe ƙafa a kan matakala. Matan da muka yi tafiya da su sun fi jin daɗin doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi, da hijabi iya ƙugu.

1. Zaɓi lokaci

Ruwan yakan iso Mumbai da Pune wajen 10 ga Yuni, ya janye a farkon Oktoba. Yuli da farkon Agusta su ne tsakiyar marka. A lokacin magangarun sun fi cika, sai dai hazo yakan rufe komai har ka tsaya a bakin kwari ba ka ganin tafin hannunka, hanyoyi kuma suna yawan rufewa. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, shawarata ita ce daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Ruwa ya lafa, ganye na nan, magangaru suna zuba, rana tana leƙowa.

Ranar tafiya ta fi watan muhimmanci. Ka tafi tsakanin Talata da Alhamis. Asabar da Lahadi mutanen Mumbai da Pune ne ke kwararowa, tafiyar awa biyu ta koma ta biyar. Ka guji 15 ga Agusta, ranar 'yancin ƙasar. Ka guji Litinin ɗin watan da suke kira Shravan, wanda yake faɗowa tsakanin Yuli da Agusta, domin ranar ce masu bautar Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, ke cika wuraren bautarsa maƙil. Haka kwanaki goma na bikin Ganesh, a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, motocin haya da kujerun bas sukan yi wuya. Kalandarsu ta wata ce, ranakun suna matsawa kowace shekara, saboda haka ka tambayi maƙwabcinka Ba'indiye ya duba maka.

Sannan ka ƙara kwana ɗaya a lissafinka wanda ba ka shirya masa komai ba. Idan jirginka na komawa gida ranar Juma'a ne, ka sauko daga dutse ranar Laraba.

2. Zaɓi hanya guda, ka tsaya a kanta

A taswira garuruwan kusa suke da juna. A ƙasa kuwa, kilomita 20 a hanyar dutse cikin hazo tafiyar awa guda ce. Na taɓa tsara mana garuruwa biyar cikin kwana uku, muka ƙare muna kallon su ta gilashin mota mai gumi, kowa ya gaji ya yi shiru. Tun daga nan ba na wuce wuri biyu a yini.

Mai yini ɗaya kacal, ya hau ƙaramin jirgin ƙasa na Pune zuwa Lonavala ya sauka a tashar Malavli. Daga nan da ƙafa za ka kai kogwannin Bhaja, ɗakuna 22 da mabiya Buddha suka sassaƙa cikin dutse tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, ga magangarar ruwa a gefen hanyar. A ɗaya ɓangaren kwarin akwai kogwannin Karla, masu babban zaure mai ginshiƙai da haƙarƙarin katako a rufinsa, da wurin bautar Ekvira a bakin ƙofa. Kuɗin shiga na baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, kada abin ya ba ka mamaki. Mai ƙarfin gwiwa zai iya ƙarawa da ganuwar Lohagad, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2025.

Mai kwana uku ko huɗu, wannan ce hanyar da na fi so: Pune zuwa Wai, Wai zuwa Panchgani, sannan Mahabaleshwar. Wai tana kimanin kilomita 90 daga Pune, a bakin kogin Krishna, kuma mutane da yawa suna wuce ta a guje. Ka kwana a nan. Gari ne na matakalun dutse masu gangarawa cikin kogi da wuraren bauta birjik. Babbansu, Dholya Ganpati, an gina shi a 1762, kuma idan ka zagaya bayansa za ka ga an yi shi da tsini kamar goshin kwalekwale domin ya tsaga ambaliya gida biyu. Magina sun san kogin da suke gini a bakinsa. Kilomita kaɗan gaba akwai ƙauyen Menavali, inda tsohon gidan Nana Phadnavis yake, babban wazirin daular Maratha. An ɗauki fina-finan Indiya da yawa a matakalun kogin, wanda ya tashi da kallonsu zai ji kamar ya taɓa zuwa. Akwai kuma babbar ƙararrawa da aka ƙwato daga hannun Turawan Fotugal bayan yaƙin Vasai na 1739. Abin da ya tsayar da ni a zuwana na farko shi ne ƙatuwar itaciyar kuka a ƙofar gidan. Na daɗe tsaye a gindinta ina shafa ɓawon, na tuna kukar bayan gidanmu. Su ba sa miya da ganyenta.

Daga Wai hanya tana murɗawa sama kilomita 13 zuwa Panchgani, daga nan wasu 19 zuwa Mahabaleshwar, mai tsayin sama da mita 1,300. Kafin ka shiga garin akwai magangarar Lingmala a kan kogin Venna. Kilomita shida daga kasuwa akwai tsohon garin, inda wurin bautar Panchganga yake. A cikinsa ruwa yana fitowa daga bakin saniyar dutse, kuma mutanen wurin suna ɗaukarsa mafarin koguna biyar: Krishna, Venna, Koyna, Savitri da Gayatri. Ɗan gaba ta wata siririyar hanya akwai Krishnabai, ƙaramin gini da gansakuka ta rufe, yana kallon kwari. Ka je da sassafe ka zauna ka jira hazo ya yaye. Idan Satumba ce, ka dawo ta Satara ka ga magangarar Thoseghar da filin furanni na Kaas, wanda ake yankar tikitinsa ta intanet saboda an ƙayyade masu shiga a kullum.

Akwai kuma Bhimashankar, kimanin kilomita 110 arewa maso yammacin Pune, cikin kurmi mai babban kurege ja da suke kira shekru, da Trimbakeshwar kusa da Nashik, mafarin kogin Godavari. Duka biyun suna cikin manyan wuraren bautar Shiva goma sha biyu, cunkosonsu kuma daidai da darajarsu yake. Ban cika kai sabon zuwa can ba. A daminar 2027 ma babban taron ibadar Hindu da ake kira Kumbh zai faɗo a Nashik da Trimbakeshwar, wanda ba shi ya kai shi ba ya kauce wa yankin.

3. Kama masauki tun kana gida

Doka ta wajabta wa kowane masauki ya sanar da hukuma duk baƙon ƙasar waje da ya sauka, ta wata takarda da suke kira Form C. Ƙananan otal-otal da yawa ba su yi rajistar hakan ba, saboda haka ba sa karɓar baƙi, ko da ka biya ta intanet. Wata rana mun isa wani masauki da ƙarfe takwas na dare, jiƙe sharkaf, da shaidar biya a waya, mai wurin ya dubi fasfo ya girgiza kai. Mun yi awa biyu muna bin ƙofofi cikin ruwa.

Abin yi: kafin ka biya, ka buga waya, ka faɗi ƙasarka a fili, ka tambaya ko suna cika Form C, ka sa su tabbatar maka a rubuce ta WhatsApp. Ka tambayi abu uku: akwai ruwan zafi, akwai janareta, kuma mota tana iya kaiwa ƙofa idan an yi ruwa? Ka zaɓi ɗaki kusa da kasuwa ko tashar bas, a hawa na sama. Gidan da ke bakin kwari ya fi kyau a hoto, shi ne kuma hanyarsa ke fara yankewa. Da ka shiga ɗaki ka taɓa katifa ka shinshina bargo. Idan akwai danshi da warin rima, ka nemi a sauya tun kafin ka kwance kaya.

4. Abin hawa

Bas ɗin gwamnatin jiha, wanda kowa ke kira ST, shi ne abin dogaro. Jajayen motocin ba su da kwalliya, amma direbobinsu kullum suna bin hanyoyin nan. Na Wai, Mahabaleshwar da Satara suna tashi daga tashar Swargate. Na Nashik da Bhimashankar daga tashar Shivajinagar da ke Wakdewadi. Ka hau na farkon safiya, kuma da ka sauka ka je wurin mai tikiti ka tambayi lokacin bas na ƙarshe mai komawa, ka rubuta.

Idan ku huɗu ne ko biyar, ko akwai dattijo ko mai murmurewa, ku ɗauki shatar mota da direba. Ku yi ciniki a gama: kuɗin kilomita, kuɗin kwanan direba, kuɗin shingen hanya, da harajin shiga gari da ake karɓa a Panchgani da Mahabaleshwar. Ka sunkuya ka dubi tayoyi da idonka, ka sa ya kunna abin share gilashi. Kada ka tuƙa da kanka, kada ka hayi babur. Na san samarinmu da son babur, amma kwanar dutse da laka da hazo da manyan motoci sun haɗu a wuri ɗaya. Kada kuma ka yarda da tafiyar dare a hanyar dutse, ko da direba ya ce ya saba.

Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gari, domin sabis yana ɓacewa a kwaruruka. Idan taswira ta nuna maka gajeruwar hanya ta cikin ƙauye, ka tambayi mai shayi tukuna. Jimla ɗaya ta Marathi ta ishe ka: "Rasta chalu aahe ka?", wato hanya a buɗe take? Saurayi ko sa'anka ka kira shi dada, mace tai, dattijuwa mavshi, dattijo kuma kaka, wanda a wurinsu baffa yake nufi. Da ka kira mutum da sunan girmamawar da ya saba, za ka ga fuskarsa ta sake.

5. Duba sama da dare, ka sake dubawa da asuba

Hukumar hasashen yanayi ta Indiya, IMD, tana fitar da gargaɗi gunduma-gunduma da launi huɗu. Kore, ka tafi. Rawaya, ka tafi da lura. Ruwan lemo, ka tsaya cikin gari, ban da bakin ruwa. Ja, kada ka fita daga masauki. Ka kula, hasashen birnin Pune daban yake da na yankin duwatsun gundumar. Ana iya yayyafi a birni alhali a sama ana zuba shi kamar da bakin ƙwarya. Na duwatsun za ka duba.

Kada ka raina zaftarewar ƙasa. A ranar 30 ga Yuli 2014 dutse ya rufto wa ƙauyen Malin da ke yankin Bhimashankar da sassafe, mutum 151 suka rasu. A Yuli 2023 haka ta faru a Irshalwadi cikin gundumar Raigad. Idan an kwana uku ana mamako, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ranar da ruwan ya ɗauke ma haɗarin bai wuce ba. A hanya idan ka ga sababbin duwatsu da jar ƙasa zube a kwalta, kada ku tsaya ɗaukar hoto a wurin.

Hukumomin gunduma kuma sukan sa dokar hana zuwa wasu magangaru da madatsun ruwa na makonni. Mai masaukinka ya sani. Idan an hana, an hana, kuma baƙo mai biza ba shi ne zai gwada dokar ba.

6. A bakin magangarar ruwa

Nan ne na fi son ka saurare ni. Ruwan da ke kashe mutane a wuraren nan sau da yawa a can saman dutse ya sauka, inda ba ka gani, rabin awa da ta wuce. Kana tsaye cikin ruwa iya idon sawu, rana ma tana haskawa, sai ya iso gaba ɗaya. A ranar 30 ga Yuni 2024, a bayan madatsar Bhushi da ke Lonavala, mutum biyar 'yan gida ɗaya, mace da yara huɗu, ruwa ya tafi da su suna tsaye a kan dutse a tsakiyar rafi, jama'a na kallo ba yadda za su yi. A Yuni 2025 wata tsohuwar gadar ƙarfe a Kundmala ta karye da masu kallon kogin Indrayani da suka cika ta.

Saboda haka da ka isa, kafin ka ciro waya, ka tsaya minti biyar ka karanta wurin. Nemi inda za ka hau idan ruwa ya taso, kuma ya zama a ɓangaren da ka fito. Zaɓi wani dutse a bakin ruwa wanda kansa yake a bushe ka riƙa waiwayarsa. Alamomin tashi huɗu ne: ruwan ya sauya daga fari zuwa ruwan ƙasa, ganye da ƙirare sun fara biyo shi, ƙararsa ta ƙaru, ko dutsen da ka sa wa ido ya nutse. Ko ɗaya ka gani, ka kira mutanenka ku hau gefe nan take. Kada ku bi rafin ƙasa da gudu, kada ku ce sai kun tsallaka kun ɗauko takalma.

Ƙa'idojina da duk wanda ya biyo ni: ba a tsallaka ruwan da ya kai gwiwa. Ba a tsayawa a saman magangara, inda ruwa ke faɗawa. Ba a haure shingen ƙarfe. Ba a ja da baya don hoto ya yi kyau. Yaro hannunsa cikin na babba. Iya iyo a kogin garinku ba ya amfani a nan, domin ruwan jefa mutum yake kan dutse. Kogin da ke ƙasan madatsa, kamar Krishna a Wai da ke ƙasan madatsar Dhom, yana iya tashi idan an buɗe ƙofofi ko da ba a yi ruwa a garin ba.

Sabon zuwa ya tsaya ga magangarun da ke da mai tikiti da dandamalin kallo, irin Lingmala da Thoseghar. Waɗanda sai an ratsa kurmi, a ɗauki ɗan ƙauyen ya yi jagora, a biya shi da kyau, kuma idan ya ce a juya a juya. Ƙarfe huɗu na yamma ta same ku a hanyar komawa.

Matsattsaku za su kama ka a cikin ciyawa, ba makawa. Ba su da dafi. Ka cusa ƙafar wando cikin safa. Idan ɗaya ya maƙale, kada ka fizge shi. Ka tura farce ta ƙarƙashin bakinsa, ko ka barbaɗa masa gishiri ya sake. Jinin zai ɗan jima yana fita, ka wanke ka manna filasta. Maciji ne abin tsoro: kada ka sa hannu a ramin dutse. Idan an yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A kwantar da mutum, a kira 108 don motar asibiti, a nufi asibitin gwamnati mafi kusa. Lambar gaggawa ta gaba ɗaya 112 ce. Birai kuwa leda suke hari, ka sa abinci cikin jaka ka zuge.

7. A wurin bauta

Wasu 'yan uwa sukan tambaye ni me ya kai Musulmi can. Ni aikin dutse da tarihi nake zuwa gani, a harabar nake tsayawa, ba na shiga ɗakin ciki inda ake bauta. Wasu abokan tafiyata a bakin ƙofar waje suke jira, kuma ban taɓa matsa wa kowa ba. Ka yanke iyakarka tun kafin ka isa, domin idan ka shiga layi cunkoso ne zai tura ka har ciki.

Wurin ibadar mutane ne, ka shiga da ladabin da kake so baƙo ya shiga masallacinku ko cocinku da shi. Karanta allon ƙofa. A wasu wuraren, Trimbakeshwar na cikinsu, an rubuta cewa wanda ba Hindu ba ba ya shiga. Ka tsaya a waje ba tare da gardama ba. Takalmi ana cire shi a waje, akwai mai ajiya da ake ba 'yan canji. Ka cire safa ma, domin daɓen a jiƙe yake, ka taka a hankali. Ka rufe kafaɗa da gwiwa. Kada ka ɗauki hoton ɗakin ciki ko na mai bauta sai da izini. Idan ka zauna, kada ka miƙe ƙafa tana fuskantar abin bautarsu.

Za a iya miƙo maka prasad, ɗan zaƙin da aka gabatar a wurin bauta, ko a kawo yatsa da jan gari za a shafa maka a goshi. Ka ɗora hannun dama a ƙirji, ka yi murmushi, ka ce "Nako, dhanyavad", wato a'a, na gode. A duk zuwana ban ga wanda ya ji haushi ba. Masu sayar da furanni da masu cewa za su shigar da kai ta gajeruwar hanya, amsar ɗaya ce.

Za a kalle ka, za a nemi hoto da kai, musamman a ƙauyen da ba a saba ganin baƙar fata ba. Yawanci son sani ne. Ka amsa idan ka ga dama, ka ƙi cikin fara'a idan ka gaji. Gungun samari masu shaye-shaye a bakin ruwa ranar hutu, ka ba su wuri.

8. Ci da salla

Kusa da wuraren bauta gidajen abinci ba sa dafa nama, wannan ya sauƙaƙa maka. Nemi pithla bhakri: gurasar dawa ko gero ce da ake gasawa a tanda, da miyar garin wake, da ɗanyar albasa da barkono. Bahaushe ba ya baƙunta a gabanta. Akwai gasasshiyar masara da ake goga wa lemon tsami da barkono, da soyayyar albasa mai zafi, da shayi mai citta. A Lonavala ka sayi chikki, alewar gyaɗa da mazarƙwaila, ta yi tsaraba. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka kawai. Yankakkun 'ya'yan itace da ruwan da ba na gora mai hatimi ba, ka bar su. Idan nama kake so, akwai masallatai da unguwannin Musulmi a Lonavala, Wai, Panchgani da Mahabaleshwar, ka tambaya a can.

Alƙibla a Maharashtra yamma take, da ɗan karkata arewa. Wanda ya saba fuskantar gabas tun yana yaro jikinsa zai ja shi gabas, kuma cikin hazo babu rana da za ta gyara masa. Ka duba manhajar alƙibla tun kana da sabis, ka riƙe wata alama a ɗakin. Ka yi alwala kafin ka bar masauki. Rangwamen matafiyi na ƙasaru yana nan.

9. Bayan an sauko

Daren da ka dawo ka zazzage jakar duka. Ka cusa tsofaffin jaridu cikin takalma, ka shanya komai ƙarƙashin fanka, ka buɗe fasfo ka tabbata danshi bai shige shi ba. Kayan da aka bari a jaka kwana biyu fumfuna suke yi. Ka wanke tsakanin yatsun ƙafa ka tsane su sosai.

Ka sa ido a kan jikinka na mako biyu zuwa uku. Idan zazzaɓi ya zo, kada ka ce maleriya ce ka sha abin da ka zo da shi daga gida. Damina lokacin zazzaɓin dengi ne a can, akwai kuma wata cuta da ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, tana shiga ta ƙujewar fata. Ka sha farasitamol kaɗai, ban da asfirin da ibuprofen domin suna ƙara zubar jini idan dengi ce, ka je asibiti a ranar, ka gaya wa likita garin da ka je da ranar da ka shiga ruwa. Idan kuma ka riga ka koma gida Najeriya ko Nijar kafin zazzaɓin ya taso, ka faɗa wa likitan can daga Indiya kake, domin ya san gwajin da zai rubuta.